Filastar gidanmu, daga hunturu zuwa Sallah

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

An gama rufi tun watan jiya, yau kuma tifa ta sauke yashi a ƙofar gida, ke nan aikin filasta ya kama. Gidan ba wani babba ba ne: falo, ɗaki uku, kicin, banɗaki biyu da ɗan zaure, a wata sabuwar unguwa bayan Kumbotso a Kano, inda har yanzu gonaki sun fi gidaje yawa. Wannan karon na sayi littafi na musamman. Lokacin aza bulo ban rubuta komai ba, shi ya sa yau ko yanka ni za a yi ban san buhun siminti nawa ginin ya ci ba.

Birkila biyu na ɗauka. Ɗaya dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, da ginin ƙasa ya fara a cikin birni tun kafin bulo ya cika gari. Ɗayan matashi ne mai zafin nama, yana da yaransa uku, jinga muka yi da shi. Baba zai yi ɗakunan kwana da kicin, matashin zai yi falo da zaure da waje.

Direban tifa ya rantse yashin kogin Challawa ne tsantsa. Baba bai tanka masa ba. Ya ɗebi yashin ya dunƙule, ya buɗe hannu, ya murza, ya duba tafinsa. Sannan ya sa yaro ya kawo gorar roba, aka zuba yashi zuwa rabi, aka cika ta da ruwa, aka girgiza, aka ajiye a inuwa. Bayan la'asar muka duba. Yashin ya kwanta a ƙasa, a samansa akwai siririn layin taɓo, bai wuce kaurin tsinken ashana biyu ba. Ya ce zai yi, amma sai an tankaɗe. Yashi mai laka da yawa yana da daɗin shafawa, shi ya sa wasu birkiloli ke sonsa, sai dai ruwa yake sha fiye da kima, in ya bushe ya tsuke, in ya tsuke ya tsage.

Talata, 9 ga Janairu

Mai wayarin bai gama sassaƙa hanyar bututu a falo ba, ya tafi wani aiki a Zariya, wayarsa a kashe. Baba ya ce a jira shi. Matashin ya ce ai ba komai, a yi filasta, in ya dawo ya fasa inda zai fasa a toshe. Ni kuma kullum sai uwargida ta tambaye ni yaushe za mu tare, ga wa'adin gidan haya zai cika da Sallah ƙarama. Na bi maganar matashin.

Asabar, 13 ga Janairu

Yau na wuni a ɗakin da Baba yake aiki, a kan bulo na zauna ina kallo.

Tun jiya da yamma ya sa aka share bangon da tsintsiya aka jiƙa shi, da safe aka sake yayyafa masa ruwa. Busasshen bulo ƙishirwa gare shi, in ka maka masa kwaɓi, kafin siminti ya fara kamawa ya zuƙe ruwan. Kwaɓinsa buhu ɗaya ne da kwanon sarki goma na tankaɗaɗɗen yashi. Buhu mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, ke nan siminti ɗaya, yashi biyar. Na waje ya ce a rage yashin zuwa kwano takwas. Ba ya yarda a kwaɓa tuli guda a bar shi yana jira, kuma in kwaɓi ya fara sandarewa a ƙasa ba ya bari a ƙara masa ruwa a farfaɗo da shi. Wani lebura ya gwada, ya sha faɗa.

Da farko ya manna 'yan dunƙulen kwaɓi a sama da ƙasan bango, ya daidaita su da igiya mai ƙarfe a baki. Su ne gejinsa. Kaurin bai wuce na ɗan yatsa ba, milimita 12 zuwa 15. Daga nan ya fara watsa kwaɓi da cokali, jifa yake yi da wuyan hannu, kana jin fat, fat, fat. Ya ja dogon katako a kan gejin daga ƙasa zuwa sama yana karkaɗa shi hagu da dama, abin da ya yi yawa ya zubo, inda ya yi rami ya cike. Sai ya sauko, ya zauna, ya fasa goro.

Na ce, “Baba, ko gajiya ce?”

Ya ce, “A'a Alhaji, bango nake jira.”

Bayan kusan rabin awa ya danna yatsa. Bai lotsa ba, sai 'yar shaida. Ya ɗauki katakon shafa yana zagayawa da shi, yana ɗan yarfa ruwa da burushi. Da ya gama, fuskar bangon ba santsi ba kuma ba kaushi ba, in ka shafa kamar bayan sabuwar tukunyar ƙasa. Na ce ni da na ɗauka sai ya yi sumul. Ya ce a nan fenti zai samu abin riƙewa.

Alhamis, 18 ga Janairu

Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, hazo har ba a hango titi. Abin da ban sani ba sai yanzu shi ne siminti ba da bushewa yake ƙarfi ba. Ruwan yake haɗuwa da shi ya zama dutse, kuma hakan kwanaki yake ɗauka. In iska ta kwashe ruwan da wuri, aikin ya tsaya a hanya. Shi ya sa ake ba filasta ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7.

Mu kuma ba famfo a unguwar. Mai ga-ruwa ke kawo jarkoki a kura, mai gadi ke watsawa. Kwana biyu ba wuta a rijiyar burtsatsen da suke ɗebowa, kuma ba wanda ya kira ni. Bangon waje da ke fuskantar arewa maso gabas, inda iskar ke bugowa kai tsaye, ranar Litinin aka yi masa filasta. Yau na shafa tafin hannu a jikinsa, yashi ya biyo ni kamar garin kwaki. Na karta ƙusa ta shige. A ɗakin Baba na gwada ƙusar, da kyar ta bar zane.

Mun samo tsofaffin buhunan algarara mun rataya a bangon, ana jiƙa su. Baba ya ce a yi dai, amma abin da ya riga ya ƙone a fuska ba zai dawo ba.

Laraba, 24 ga Janairu

An gama falo. Da na shiga sai da na yi murmushi, bango yana ƙyalli kamar an goge shi da mai. Matashin ya nuna min dabararsa: bayan ya ja katako, sai ya barbaɗa busasshen siminti a fuskar, ya yayyafa ruwa, ya yi ta gogawa da cokalin ƙarfe har ta yi baƙi tana sheƙi. Na ƙara wa yaransa kuɗin abinci don daɗi.

Baba ya leƙo, ya shafa bangon da bayan hannu, ya ce, “Alhaji, wannan ai daɓe ne aka ɗora a tsaye.” Na ɗauka kishin sana'a ne.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ba kishi ba ne. Kwana goma ke nan, kuma duk fuskar falon ta cika da siraran tsage-tsage kamar saƙar gizo. Da rana ba ka ganinsu sosai, amma in ka watsa ruwa sai su fito rangaɗau kafin bangon ya sha. Ɓawon siminti tsantsa da ke sama ya fi abin da ke ƙarƙashinsa tsukewa, to dole ya dare.

Na bi bangon da ɗan mukulli ina ƙwanƙwasawa. Yawanci ƙarar a cike take, amma wuri biyu ta canza, kamar ana buga ƙwarya. Duka biyun a kan ginshiƙin kankare ne. Kankare santsi gare shi, kamata ya yi a sassare shi da guduma, a watsa masa ruwan siminti mai kauri ya kwana, kafin a ɗora filasta. Ba a yi ba. Haka kuma inda ginshiƙi ya haɗu da bulo akwai tsaga miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, don ba tare suke motsi ba, kuma ba a sa ragar waya a mahaɗar ba. Matashin ya ce fenti zai rufe. Na ce ya farfashe wuraren biyu ya sake. Mun ɗan yi musayar yawu, amma ya yi.

Mai wayarin ma ya dawo. Ya bi sabuwar filastar da kurfi da guduma, layi huɗu a falo, biyu a zaure, an toshe su da wani kwaɓin daban.

Talata, 20 ga Fabrairu

Aiki ya tsaya mako biyu. Siminti ya yi tashin gwauron zabi, buhu ya haura naira 10,000, wani wurin ma sai ka yi rantsuwa kafin a ce akwai. Jiya aka ce ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a Abuja, an tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Na kira mai shagon da nake saya a wurinsa, ya ce shi ma a rediyo ya ji. Kicin da banɗaki ɗaya ne suka rage ba filasta.

Baba ya zo karɓar cikon kuɗinsa, muka zauna a zaure, hira ta kai mu ginin da. Ya ce su a lokacinsu makuba suke jiƙawa, ɓawon ɗorawa, su yaɓe bango da ita ruwan sama ya riƙa zamewa. Gidan mai hali kuma laso ake yi masa: katsi, wato abin da ke kwanciya a ƙasan karofi, irin na marinar Ƙofar Mata, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin ne ke riƙe yaɓen kada ya tsage. In ya bushe a bi shi da farar ƙasa. Abin da ya fi ba shi takaici shi ne yadda ake ɗora filastar siminti a kan tsohon bangon ƙasa. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti ya kulle ta, bayan 'yan damuna sai ka ga ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya kamar faifai, cikinsa ya zama gari. Ya ce ko a bulo ma abin ɗaya ne, in danshi ya rasa hanyar fita sai ya yi wa kansa hanya.

Wannan tsaikon dai ya yi min rana ta wani ɓangaren. Ana so sabuwar filasta ta samu kamar kwana 28 kafin fenti ya hau ta, kuma na san da kuɗi na hannuna da ban jira ba.

Asabar, 2 ga Maris

Mai fenti ya zo duba aiki, kuma ya ce sai bayan magariba. Na yi mamaki har na ga dalili. Ya kwantar da tocilarsa a jikin bango, hasken na bin fuskar a gicciye. A ɗakunan Baba haske ya wuce sumul, sai 'yan zagayen katako. A falo kuwa sai ga tudu da kwari, inuwa tana kwanciya a kowane rami, layukan mai wayarin sun taso kamar jijiya. Bangon da ya fi kowanne ƙyalli shi ya fi kowanne karkacewa, don matashin bai tsaya sa geji ba, da ido ya yi.

Sannan ya ɗebi ruwa a hannu ya yarfa wa kowane bango. Na Baba ya sha a hankali, ya yi duhu bai ɗaya. Na falo ruwan ya gangaro ɗigo-ɗigo kamar a bayan agwagwa. Na waje ya zuƙe nan take, ya bar masa ƙura a hannu. Ya ce, “Yallaɓai, gida ɗaya ne amma bango uku gare ka, kowanne da kuɗinsa.”

Ga yadda muka tsayar. Ɗakunan kwana za a yi musu sikiridin siriri, wato shafin farin garin da ake kira POP don bango ya yi sumul kafin fenti. Falo sai an fara kankare ƙyallin da sanfefa mai kaushi, don ko sikiridin ba zai kama shi a haka ba. Ya gaya min gaskiya cewa sikiridin milimita ɗaya zuwa biyu ne, yana cike ƙananan ramuka da tsaga, amma ba ya miƙar da karkataccen bango. Na waje za a goge shi da burushin waya, a shafa masa abin da zai ɗaure garin, kuma ba za a kai masa POP ba, don POP da danshi ba sa ga maciji.

Laraba, 6 ga Maris

Na samu buhu shida, Baba ya gama kicin da banɗaki jiya.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi shida yau. Masu fenti suna farawa bayan asuba, su tashi da azahar.

Sikiridin ya ci mako guda. Garin POP da gam da farin fenti suke damawa, su shafa da faffaɗan ƙarfe, ya bushe, su bi da sanfefa mai laushi. Ƙurar ba a magana, yaran sun fito fari fat har gira. Mai fentin ya dage sai an share bangon an goge da ɗanyen tsumma, don fentin da ya hau ƙura a kan ƙura yake zaune.

Shafin farko na fentin ruwa ya tsinka shi sosai don bango ya sha, na biyu da na uku ne masu kauri. A nan na ga bambancin a aljihuna. Bokiti ɗaya mai lita 20 ya yi wa ɗaki biyu shafi biyu. A bangon waje mai kaushi, wanda faɗinsa bai fi na ɗakunan biyu ba, bokiti guda ya ƙare a shafi ɗaya, kuma har yanzu ana hango toka-tokar siminti ta ƙarƙashi.

A zaure ban yi sikiridin ba don tsimi. Bayan shafi biyu, layukan wayarin biyun nan suna nan ɓaro-ɓaro, launinsu ya ɗan fi na gefensu duhu. Kwaɓin da aka toshe su da shi daban ne, shan fentinsa daban. An ƙara shafi na uku, sun dushe amma ba su tafi ba.

Laraba, 27 ga Maris

Kicin ya ba ni kunya, kuma laifina ne. Ranar 20 ga wata na matsa a yi masa fentin mai saboda hayaƙi da maiƙo, filastar tana da kwana 15 kacal. Mai fentin ya manna leda a bangon da salatif ta kwana, da safe cikinta ya yi gumi. Ya nuna min. Na ce zafin bazara ya shigo, zai ƙarasa bushewa ta ƙarƙashi.

Yau mako guda, fentin yana danƙo a hannu, wasu wuraren ya kumbura, wasu ya yi dabbare-dabbare, in ka danna sai wani ruwa mai santsi ya fito. Mai fentin ya tambaye ni ko na san yadda ake sabulun salo. Na ce toka da mai. Ya ce to shi na dafa a bangona. Sabon siminti kaifi gare shi irin na ruwan toka, in ya haɗu da mai ga danshi, sabulu suke zama. Fentin ruwa yana barin bango ya yi numfashi, na mai rufe shi yake yi ruf.

An kankare bango biyu. Kuɗin galan biyu da na aikin kwana uku sun bi ruwa.

A gindin bangon banɗaki ta waje kuma wani farin gari ya fito kamar kanwa. Gishirin da ke cikin bulo da yashi ne, ruwa ya narkar da shi ya fito da shi fuska. Na ɗauko bokiti zan wanke, mai fentin ya riƙe ni, ya ce ruwa zai mayar da shi ciki ne ya sake fitowa. A goge shi a bushe da burushi, a jira a ga ko zai dawo.

Asabar, 6 ga Afrilu

Falo. Uwargida ta zaɓi fenti mai sheƙi, irin wanda ake gogewa da tsumma in yara sun ɓata, launin madara. An gwada a bango ɗaya, wanda ke gefen babbar taga. Da hantsi rana ta shigo, sai ga duk tudu da kwarin da tocila ta nuna mana, wannan karon ba sai an kashe fitila ba. Sheƙi haske yake mayarwa, kowane lanƙwasa sai ya bayyana. Ita da kanta ta ce a canza. Mun koma fentin ruwa marar sheƙi mai launi ɗaya, ya ɓoye fiye da rabin abin. Ragowar mai sheƙin aka kai ɗakin yara, inda bangon Baba ya ɗauke shi ba tare da wani abin faɗa ba.

Na manna salatif a wurare uku a falon na fizge. Biyu ba abin da ya biyo shi. Na ukun, can sama kusa da silin inda hannun mai sanfefa bai kai sosai ba, ya taho da fenti da sikiridin gaba ɗaya, baƙin ƙyallin nan na matashin ya leƙo. An gyara wurin. Sauran saman bangon ban gwada ba, don ba na son in sani kafin Sallah.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Mun tare ranar jajibere, aka yi Sallah ranar Laraba a sabon gida. Baƙi suna ta yaba falo, ba wanda ya ce komai a kan ɗakunan kwana.

Kicin yana nan da bango biyu tsirara. Na sake manna leda daren jiya, da safe ta fito a bushe, amma mai fentin ya ce a bari sai ƙarshen wata, kuma sai an fara sa fentin share fage mai jure kaifin siminti. Farin garin banɗaki ya dawo, amma bai kai na farko ba. Bangon arewa maso gabas ya riga ya fara riƙe ƙura a ramukansa, shafi ɗaya ne a kansa, zan bar shi haka ya ga damina kafin in ƙara masa ko kwabo.

Baba zai zo ranar Alhamis ya zuba ɗan dakali a gindin bangon waje, don ruwan indararo kada ya riƙa fantsamo masa. Ya ce in tanadi buhu uku da tsakuwa baro huɗu, yashin da ya rage zai isa.